Ciwon Hanta: Wa Ya Koya Wa Ƙwayar Cutar Bijire Wa Magani?

Ɗan baffana a gwajin kafin aure ya san yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Saura sati shida a ɗaura, har an kai lefe, ya je yin awon da dangin yarinya suka nema, takarda ta fito da abin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Bai taɓa kwanciya jinya ba, idonsa bai taɓa yin shawara ba, ƙato ne mai saɓa buhun masara shi kaɗai. Daga ɗakin gwaji bai zame ko'ina ba sai kemis ɗin unguwa. Mai kemis ya duba takarda, ya gyaɗa kai, ya miƙo masa kwalbar lamivudine, ya ce ya sha wata uku ya sake gwaji. Ya sha, gwaji bai sauya ba, ya ƙara wata uku. Kuɗi suka yanke, ya tsaya. Da ya samu ya koma. A tsakani har jarka biyu ya shanye ta wani sassaƙe da ya saya wajen masu mota da lasifika a bakin kasuwa. Haka aka yi ta yi, a sha a bari, har shekara uku da 'yan watanni.

Ranar da na raka shi asibiti idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa kamar ruwan shayi. A cikin mota yake ce mini, "Yaya, ni fa maganin Bature bai karɓe ni ba. Na sha har na gaji." Likitar da ta duba shi ta karɓi kwalbar da ya zo da ita, ta juya ta, ta ce, "Malam, wa ya ɗora ka a kan wannan?" Da ya faɗa mata sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ai tun da daɗewa aka daina fara wa mai ciwon hanta wannan magani shi kaɗai.

Tun daga ranar nake bibiyar lamarin, ina karatu ina tambayar masu sani. Ni ba likita ba ne, amma ga inda na tsaya: gaskiya ne ƙwayar cutar hanta tana rikiɗa har ta daina jin magani, sai dai a wurinmu yawancin abin da ake kira gazawar magani mu ne muke haɗa shi da hannunmu, ta hanyar tsohon magani mai araha, da shan yau a bar gobe, da jinyar da ba gwaji a cikinta. Kuma ba marar lafiya nake ɗora wa mafi girman laifin ba. Hukumomin da suka iya tilasta wa mutane gwaji, amma ba su tanadar musu inda za su je da takardar ba, su ne ya kamata su fara amsa tambaya.

Bari in fara da rikiɗar kanta, domin mutane da yawa suna jin kalmar kamar wani tsafi. Duk wanda ya yi makaranta ya san abin da ke faruwa idan ɗalibi ya kwafi darasi daga littafin abokinsa, wani ya kwafa daga nasa, wani kuma daga na wancan. Kafin ya zagaye aji, kalmomi sun sauya, wasu sun ɓace, wasu sun koma wani abu dabam. Ƙwayar cutar hanta haka take hayayyafa, tana kwafar kanta, kuma sinadarin da take kwafar da shi ba shi da mai duba masa kuskure. A jikin mutum guda da cutar ke aiki sosai, tana iya fitar da kwafi biliyoyi masu yawa a rana ɗaya. Mafi yawan kurakuran ba su da amfani gare ta, wasu ma kashe ta suke yi. Amma a cikin wannan ɗimbin yawa, ba a rasa 'yan ƙalilan da kuskuren ya faɗa daidai wurin da magani yake kamawa. Muddin ba magani a jiki, waɗannan ba su da wata daraja, sau da yawa ma sun fi sauran rauni. Ranar da aka zuba magani mai rauni, ko aka zuba mai ƙarfi ana yi ana tsayawa, sai ya share masu jin magani ya bar wa marasa ji fili su yaɗu.

Manomin wake ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Ka rage maganin feshi don ya ishe ka gona biyu, bana ƙwari su ragu, baɗi su dawo suna yawo a kan ganyen da ka fesa. Waɗanda suka manyanta kuma suna tuna zamanin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓi cikin kwana uku, da yadda ya wayi gari ba ya komai har Najeriya ta sauya shi a 2005.

Lamivudine shi ne maganin sha na farko da aka amince da shi don ciwon hanta nau'in B, a 1998, kuma a lokacin babban ci gaba ne. Yana sauke yawan ƙwayar cuta da sauri, ba ya wahalar da jiki, ba shi da tsada. Matsalarsa ita ce sauyi guda tak ya isa ya karya shi. A jikin sinadarin da ƙwayar ke kwafar kanta da shi akwai wani gurbi da masana ke kira YMDD. Idan harafin M ɗin nan, wanda ke matsayi na 204, ya koma V ko I, shi ke nan, magani ya rasa wurin kamu. Alƙaluman da aka tattara daga masu shan sa sun nuna bayan shekara guda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ƙwayar jikinsa ta bijire, bayan shekara biyar kuwa kusan bakwai cikin goma. Ka lura, waɗannan mutane ne da likitoci ke bibiya, ana ba su magani a kan kari. Ina ga wanda ke saye kwalba-kwalba gwargwadon abin da kasuwa ta bayar?

Aka zo da adefovir a 2002, shi ma bayan shekara biyar kusan kashi 29 cikin ɗari sun bijire. Sai entecavir a 2005, sannan tenofovir a 2008. Waɗannan biyun na ƙarshe su suka sauya labarin, domin kafin ƙwayar ta tsallake su sai ta tara sauye-sauye da yawa a lokaci guda, abin da ba ya zo mata da sauƙi. Wanda ya fara da entecavir bai taɓa shan wani magani ba, bijirewa a shekara biyar ba ta wuce kashi ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Tenofovir kuwa an bi masu shan sa shekaru takwas zuwa goma a manyan gwaje-gwaje ba a tabbatar da bijirewa ba, sai 'yan rahotanni jefi-jefi daga baya, a jikin mutanen da suka riga suka sha magunguna iri-iri. Shi ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da tenofovir ko entecavir, a bar su lamivudine.

Ga inda abin ya fi ba ni haushi. Lamivudine ba kansa kaɗai yake kashewa ba, har na bayansa yake lalatawa. Sauyin da ƙwayar ta yi don ta tsere masa shi ne matakin farko na tserewa entecavir. Mutumin da lamivudine ya gaza a kansa, idan aka mayar da shi entecavir, kusan rabi ne ke bijirewa cikin shekara biyar, maimakon kashi ɗayan nan. Wato mai kemis ɗin da ya miƙa wa ɗan baffana kwalba mai araha, da zuciya ɗaya watakila, ya ƙone masa ɗaya daga cikin makamai biyu da duniya ta fi dogara da su. Yanzu tenofovir ya rage masa, kuma tenofovir magani ne da sai ana lura da ƙoda. Idan wata rana ƙodarsa ta nuna ba ta so, zaɓinsa ya ƙuntata, sai dai sabon samfurin tenofovir ɗin da ake kira TAF, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda amma ya fi wuyar samu. Araha dai ba ta ado. Kuma ƙwayar da ta bijire ba ta tsaya a jikin mai ita ba, an tabbatar tana iya kama wani a yadda take, da taurin kanta.

To idan tenofovir yana da wannan ƙarfi, me ya sa ake samun mai shan sa a gwada a ga ƙwayar ta ƙaru? A nan likitoci sun yi ittifaƙi a kan abin da za a fara bincika: shin yana sha kuwa? Mafi yawan lokuta amsar ita ce ya yi fashi. Kuma kafin a ce masa marar kula, a tambaye shi dalili. Maganin ciwon hanta nau'in B ba na sati biyu ba ne. Ƙwayar tana ajiye wani irin kwafin asali a can cikin ƙwayoyin hanta, kamar saiwar ƙirinjiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma magungunan da ake da su yanzu ba sa kai wa gare shi. Suna hana tsiro ne kawai. Don haka yawancin mutane shekaru za su yi suna sha, da dama har iyakar rayuwa. Ranar da aka tsaya saiwar ta sake tofo, sojojin jiki su tasar wa hanta da yaƙi, wani lokaci da zafin da zai kai mutum ga gazawar hanta, musamman wanda hantarsa ta riga ta fara ƙanƙancewa. Abin da ya kai ɗan baffana asibiti ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa fara wannan magani alkawari ne mai tsawo, kuma tsayawa kai tsaye na iya fin rashin farawa haɗari. "Sha wata uku ka sake gwaji" aka ce masa, kamar mai maganin tsutsar ciki.

Wannan "sake gwaji" ma wani rami ne. Gwajin tsinke da ake yi a ko'ina yana nuna akwai cutar ne ko babu, kuma ga mafi yawan masu ɗauke da ita tun yarinta zai ci gaba da nuna akwai ko da magani yana aiki ɗari bisa ɗari. Abin da ke nuna aikin magani shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ma'aikatan asibiti ke kira bayiral lod, tare da gwajin lafiyar hanta. Mutum ya sha magani wata shida, ya koma gwajin tsinke, ya ga layi biyu, ya yanke hukunci magani bai yi ba. Daga nan sai masu lasifika, waɗanda su kuma ba sa kunyar cewa cikin sati uku za su mayar da shi "negetif". Ban ce duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ba ne, a gidanmu ma ana shan saɓara da marke don wasu larurori. Amma hanta ita ce matatar duk abin da ya shiga ciki, kuma ɗura wa hanta mai rauni jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba a san adadinsa ba, ganganci ne. Ban taɓa ganin mai lasifikar da ya ce a kawo masa takardar bayiral lod kafin da bayan jarkarsa ba.

Akwai kuma wata rikiɗa da ba ruwanta da magani amma tana yaudarar mutane. A cikin gwaje-gwajen da ake yi akwai wata alama da ake kira HBeAg. Da can idan ba a gan ta ba sai a ce cutar ta kwanta. Amma ƙwayar tana iya yin wani ƙaramin sauyi da zai sa ta daina fitar da wannan alama gaba ɗaya alhali tana ci gaba da hayayyafa tana cin hanta. A Afirka ta Yamma, inda jinsin E na cutar ya fi yawa, mafi yawan manyan da ke ɗauke da ita ba su da wannan alama. Wasu lafiya ƙalau suke, cutar ta kwanta da gaske. Wasu kuma tana ci a ɓoye. Ba yadda za a bambance su sai da gwajin yawan ƙwaya da na hanta, ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci. Duk wanda aka ce masa "kai mai ɗauke da ita ne kawai, je ka abinka" ba tare da an ba shi ranar dawowa ba, an sallame shi da rabin magana. Ka haɗa da gubar da ke fitowa daga gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, wadda aka daɗe da sanin tana haɗa kai da wannan cuta wajen jawo sankarar hanta, za ka gane me ya sa muke binne magidanta 'yan shekara talatin da arba'in ana cewa ciki ne ya kumbura, ko an yi musu sammu.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Tenofovir da lamivudine duka magungunan cutar ƙanjamau ne ma. Shekarun baya an ɗora dubban masu ƙanjamau a kan haɗin da ke da lamivudine ba tenofovir, ba tare da an gwada su ciwon hanta ba, don haka duk mai cutar biyu a cikinsu ya yi shekaru yana shan lamivudine shi kaɗai ta fuskar hanta, kuma bincike a ƙasashen Afirka da dama ya gano ƙwayar da ta bijire a jikin irin waɗannan. An gyara wannan da aka koma haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ƙwaya ɗaya a rana. Madalla. Amma dubi yadda abin ya kasance: mai ƙanjamau da ciwon hanta yana karɓar tenofovir kyauta, ana yi masa gwaji, idan ya yi fashin zuwa a kira shi a waya. Maƙwabcinsa mai ciwon hanta kaɗai, wanda wannan maganin dai yake buƙata, shi zai saya da kuɗinsa, shi zai biya gwaji, kuma ba mai nemansa in ya ɓace. Ba ina ƙyashin masu ƙanjamau ba ne, haƙƙinsu ne, kuma an sha gwagwarmaya kafin a same shi. Abin da nake cewa shi ne tsarin yana nan, ma'aikata sun iya, ɗakunan suna nan, maganin ma shi ne dai. Abin da ya rage shi ne niyya da kasafi.

Kuma yawan mutanen ba kaɗan ba ne. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Na ƙanjamau a binciken bai kai kashi biyu ba. A duniya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke da nau'in B, miliyan 50 nau'in C, kuma cututtukan biyu sun kashe mutum miliyan 1.3 a 2022, wato kusan 3,500 kowace rana. Cikin masu nau'in B kashi 13 ne kawai suka san suna da shi, masu shan magani kuwa ba su wuce kashi uku ba.

Nau'in C labarinsa dabam ne, kuma ya fi daɗin ji, domin shi ana warkewa sarai. Ba ya ajiye saiwa a hanta. Tun da sofosbuvir ya fito a ƙarshen 2013, a Amurka ana sayar da ƙwaya ɗaya dala dubu, jinyar sati goma sha biyu dala 84,000, har zuwa yau da kamfanonin Indiya da Masar suka karya farashin, fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shan sa haɗe da wani magani suna rabuwa da cutar. Amma a nan ma rikiɗa tana da ta cewa, ta fuska biyu. Ta farko irin tamu ce: jinyar kwalba uku ce, mutum ya sayi ɗaya, ya ji sauƙi ko kuɗi su ƙare, ya tsaya. Ƙwayar da ta tsira tana iya ɗaukar sauyin da zai sa ta daina jin abokin haɗin sofosbuvir, irin su daclatasvir, kuma irin wannan sauyi yakan zauna a jiki shekaru. Jinya ta biyu akwai ta, haɗin magani uku da ya fito a 2017, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane gari ake samunta ba.

Fuska ta biyu ba laifin marar lafiya a ciki ko kaɗan. An ƙera magungunan nan ne aka gwada su galibi a kan ire-iren ƙwayar da suka yawaita a Turai da Amurka. Afirka kuwa tana da nata ire-iren, tsofaffi, masu yawan rassa, wasunsu da taurin kai aka haife su tun kafin su haɗu da magani. A Ruwanda an bi mutum 300 da aka ba sofosbuvir da ledipasvir, sakamakon ya fito a 2019: gaba ɗaya kashi 87 suka warke, amma masu wani reshe da ake kira 4r kashi 56 kacal. Likitoci a Landan ma sun lura cewa majinyatansu 'yan asalin Afirka masu wasu rassan da ba a saba gani ba sun fi saura yawan rashin warkewa. Abin da ya burge ni da Ruwanda shi ne ba su tsaya kuka ba, sun sake gwaji da sababbin haɗe-haɗe, suka ga fiye da kashi 90 suna warkewa, suka san abin da za su saya. Wannan shi ne amfanin bincike a gida. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da masana hanta da masana ƙwayoyin cuta. A ba su kuɗi su bi majinyatanmu shekara da shekaru, su gaya mana wane reshe ne ke yawo a Arewa kuma wane haɗi ne ke kashe shi, kafin a zuba kuɗin jama'a a sayo abin da aka auna da jikin wasu.

Masar ta isa misali ga mai cewa abin ya fi ƙarfin ƙasa mai tasowa. Allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba, daga shekarun 1950 zuwa 1980, ta bar musu nau'in C a jikin kusan mutum ɗaya cikin goma. Suka sa kamfanoninsu suka ƙera maganin, a 2018 suka fita gwajin gama-gari na mutum miliyan hamsin da wani abu, kuma duk wanda aka samu da cutar aka ba shi magani kyauta har ya gama. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar zama ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Abin lura a nan, ba su raba gwaji da magani ba.

Mu kuwa mun raba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma ciwon hanta nau'in B da C suna cikin abin da ake dubawa. Ina goyon bayan dokar. Amma a jihar da ake ɗaura aure ɗaruruwa kowace Juma'a da Asabar, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke ɗauke da nau'in B, lissafi kaɗai ya isa ya nuna maka samari da 'yan mata nawa ne za su fito daga ɗakin gwaji da takarda a hannu da tashin hankali a zuci. Ina za su? In ba a nuna musu ƙofa ba, kemis da mai lasifika suna jiransu, kuma duk wanda ya faɗa can muna ƙara haifar ƙwayar da ba ta jin magani ne da kuɗin aljihunsa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Abin da nake nema ba gagarumi ba ne. Duk wurin da aka amince ya yi gwajin aure a ɗaure shi da wani asibiti da zai karɓi wanda aka samu da cutar, a yi masa gwajin hanta da na yawan ƙwaya, a gaya masa ko yana cikin masu buƙatar magani yanzu ko cikin waɗanda za a riƙa dubawa kawai, domin ba kowa ne ke buƙatar farawa nan take ba. Na'urorin GeneXpert da aka raba a asibitoci don tarin fuka suna iya auna yawan ƙwayar ciwon hanta in an sayo musu kayan aikin. Jihohi su sayi tenofovir da yawa a farashin sari su sa shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, don kada shan magani ya dogara da cinikin ranar. Sabuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ma ta sauƙaƙa, ta yarda a yi amfani da haɗin tenofovir da lamivudine inda ba a samun tenofovir shi kaɗai. Hukumomin da ke kula da masu sayar da magani kuma su fito fili su hana miƙa wa mai ciwon hanta lamivudine zalla a kan kanta.

Na san za a ce kuɗi. To a lissafa kuɗin gadon asibiti, da zuƙe ruwan ciki duk sati biyu, da ƙarin jini ga mai aman jini, da marayun da magidanci ɗan shekara arba'in zai bari. Na kuma san za a ce rigakafi ya kamata a sa gaba, kuma haka ne: tun 2004 allurar tana cikin rigakafin yara a Najeriya, jaririn da ya kamu a wajen haihuwa kusan tara cikin goma cutar zama take yi a jikinsa har girma, kuma allurar farko cikin awa 24 ake so a yi ta, abin da ke da wuya inda ake haihuwa a gida a jira sai bayan suna, wanzami ma ya riga ma'aikacin lafiya ganin jariri. A gyara wannan. Amma allurar jarirai ba za ta yi wa miliyoyin da suka riga suka kamu komai ba, kuma su ne iyayen jariran.

Ɗan baffana yau shekararsa biyu a kan tenofovir. Gwajin baya-bayan nan bai ga ƙwayar a jininsa ba, ko da yake gwajin tsinke har gobe layi biyu yake nunawa, kuma sai da likitar ta zaunar da shi sau biyu kafin ya yarda cewa wannan ba gazawa ba ce. Hoton hanta ya nuna tabon da shekarun nan uku suka bari, don haka duk wata shida sai an duba shi saboda sankara. Matarsa, da Allah ya tsare ba ta kamu ba, sai bayan ya kwanta asibiti aka yi mata allurar rigakafin da ya kamata a ce an yi mata tun kafin ta tare. Duk ƙarshen wata ni da wani ƙanensa muke haɗa kuɗin kwalbar, mu saya tun ta hannunsa ba ta ƙare ba. Watan jiya na bi ta kemis ɗin nan na unguwarsu sayen maganin mura, na ɗaga kai na duba kanta. Lamivudine ɗin yana nan a jere, layi na biyu daga sama.